Na Ce Wa Babana Kumburi Ne Kawai

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe.

Ni 'yar Gadarif ce a ƙasar Sudan, ni ce babba a gidanmu. Babana manomin riɗi ne a wajen Ƙala'at an-Nahal. Bayan ƙaramar sallah fitsari ya fara ba shi wahala, na kai shi asibiti, aka yi gwaje-gwaje. Ranar sakamako yana gona, ni kaɗai na je. Likita ya ce saratan ne, ciwon daji, a burostata, ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar maza. Ya ce bai bazu ba tukuna, akwai magani da ake kira birakitarafi: za a dasa wasu 'yan ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin ƙullin, su riƙa ƙona ciwon daga ciki. Amma tun da yaƙi ya watsa manyan asibitoci sai mun fita Masar, kuma idan ciwon ya bazu, wannan hanyar ta rufe.

Da Baba ya dawo ya tambaye ni, "Uwata, me likita ya ce?" Sai na ji bakina yana cewa, "Kumburi ne kawai, Baba." Me ya kai ni? Ƙanensa wannan ciwon ne ya kashe shi, kuma da kunnena na ji Baba yana cewa ranar da aka ambata masa saratan, a shimfiɗa masa tabarma kawai, ba zai sha ko ruwan magani ba. Na san halinsa, ba ya magana biyu.

To ga abin da ƙaryata ta jawo. Na ce mu shirya tafiya, ya yi dariya. "Masar saboda kumburi? Riɗi ya nuna, in na bar shi zai fashe a ƙasa. Khalas, magana ta ƙare, sai bayan girbi, sannan ga dawa." Na ce likita ya ce a hanzarta. Ya ƙura min ido ya ce, "Akwai abin da kike ɓoye min ne?" Na rantse babu. Na rantse da Allah, jama'a!

Kuma likita ya ce bayan dashen sai Baba ya ɗau lokaci bai ɗora ƙaramin yaro a cinya ba, don kada ƙarfin ƙwayoyin ya cutar da yaron, ga 'yata ba ta sauka daga jikinsa. Wace ƙaryar zan sake yi a nan? Jiya likitan ya kira ni ya ce ba zai rubuta takardar tafiya ba sai mai ciwon ya ji da kunnensa ya amince.

In na faɗa, ina tsoron ya kwanta ya ƙi tashi. In na yi shiru, abin yana ci a jikinsa yana can yana ɗaure riɗi. Jibi Juma'a zai shigo gari, da yamma zai koma. Ku taimake ni, ni 'yarsa me zan yi?