Duwatsun Kufan Tanna

Bilbis, Tawa.

Zuwa ga yayana Attahir Ciɗo, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya kasuwa, yaya zaman baƙunta? Allah Ya buɗa, Ya tsare ku daga sharrin gari da na hanya, amin. Mu nan Tawa lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau bana, hatsi ya sauko a kasuwa. An koma lakwal, yara sun cika mani aji har wasu a ƙasa suke zama. Maigidana Nafi'u yana nan yana fama da shagonsa, ƙafar da ta dame shi bara ta yi sauƙi. Baba ma jikinsa da dama, yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci da sandarsa. Jiki fa na ce. Kan ne ba ya nan kamar da, kuma a kan haka na zauna rubuta maka, don na sha ɗaukar salula zan yi maka saƙon murya, in na fara sai in goge.

Ka tuna saƙonka na watan jiya, inda ka ce malamar su ɗiyarka Ramla ta sa kowane yaro ya kawo tarihin wani wuri na ƙasar iyayensa. Ka ce in tattaro maka hotunan gandun dajin W, da raƙuman dawa na Kure, da hasumiyar masallacin Agadas, da tsohon birnin Damagaram. Wallahi sai da na yi dariya. Waɗannan ai su nake koyarwa kowace shekara, ina nuna wa yara hoto a littafi da tsinken alli, alhali ni kaina ban taɓa taka ko ɗaya ba. Amma da ɗiyarka ta karɓe salular daga hannunka, da ƴar Hausarta mai gauraye da Faransanci, ta ce ita ba raƙumin dawa take so ba, inda kakanta ya fito take so, sai dariyar ta tsaya mani. Kai kuma ka ce to shi ke nan, in kai Baba Kufan Tanna, ya ba da labarin duka in ɗauka a salula, tun da sauran dama. Na yi abin da ka ce, Yaya. Ga yadda ta kasance.

Ka san halin Baba, bai taɓa ba da tarihi a zaune bisa tabarma ba. Cewa yake tarihi a ƙafa yake, wanda bai taka ba bai ji ba. Kufan nan da ke kan fako arewa da Takanamat, inda kakanninmu suka zauna kafin rijiya ta ƙafe su watse, ba bango gare shi ba, ba ganuwa. Duwatsu ne kawai a jere: zagayen ɗakuna, da shacin masallaci, da bakin rijiya. Amma kowane dutse da sunansa a bakin Baba. Yana isa zai yi sallama kamar mai shiga gidan mutane, ya tuɓe takalmi a masallaci, sannan ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗora ƙafa bisa dutse sai suna ya fito, da uban mai sunan, da abin da ya yi a duniya. Kowace kaka sai ya ɗauke mu a amalanke ya kai mu. Kai ne namiji, kai ake riƙe wa hannu. Ni kuwa ni ce mai tsaron jaki a gindin aduwa, sai abin da iska ta kawo mani. Kuma ina kallonka, malam, ana yi maka bayani idonka na kan kurege. Ban taɓa kai ƙararka ba, yau dai na faɗa.

Tun rasuwar Inna abin ya fara. Sai ya kira ni da sunanta, sai ya yi salla ya sake tambaya ko an kira. Na gwada shi a gida, na zauna da salula na ce ya fara daga farko. Ya kama sunan liman ya haɗa da na maƙeri, ya koma baya, ya tsaya, har ransa ya ɓaci. Shi da kansa ya ce in bar wahal da shi, in kai shi wurin duwatsu, su za su tuna masa. Ka san shekaru ke nan hanyar arewa ba ta da daɗi, shi ya sa ba wanda ya leƙa can a cikinmu. Nafi'u ya yi ta tambaya har aka ce masa an samu sauƙi, ya aro motar abokinsa, muka kama hanya da safe. Kai, da ka ga Baba a ranar! Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani da hannunsa. Muna tafe yana kiran sunan kowane tudu da kowace korama, yana gyara wa Nafi'u hanya, har da tsiya, wai direban da bai san gabas ba. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau Ramla za ta samu kakanta cikakke.

Muka hau fakon, Baba ya ce a tsaya, an iso. Na duba, na ce Baba ba nan ba ne. Ya ce nan ne, ga aduwar can. Kuma ita ce, na gane ta, ai ni na fi kowa saninta. Amma Yaya, babu dutse. Wurin fes, kamar tsakar gidan da aka share, sai ƴan gurabe a ƙasa inda aka ciro su. Idon Baba ba ya gani sosai yanzu, don haka bai gane ba da farko. Ya yi sallamarsa da ƙarfi, ya shiga yana lalube da sanda, yana neman dutsen ƙofa da yake farawa da shi. Sanda ta bugi ƙasa, ta sake bugun ƙasa. Ya yi gaba, ya dawo, ya tuɓe takalmi a inda yake zaton masallaci ne, sannan ya yi shakka ya mayar. Ni ina biye da shi da salula a kunne. Ya buɗe baki ya ce nan ne gidan, amma sunan mai gidan bai zo ba. Ya waiwayo yana kallona irin kallon yaron da ya ɓace a kasuwa. Ban san lokacin da na durƙusa ina kuka ba, ni da nake cewa idona ya bushe tun ranar Inna.

Muna cikin haka wani manomi ya biyo da amalanken kara, sunansa Dodo, daga wani sabon ƙauye da ke gangaren. Shi ya warware mana. Ya ce shekarun baya an kawo aikin gyaran ƙasa, ana ba mutane abinci su tara duwatsu, mota ta kwasa, a jera su a gicciye cikin gonaki don su tare ruwan sama kada ya tafi da ƙasa. Su baƙi ne a wurin, yunwa ce ta koro su daga wani gefe. Da suka hau fakon suka tarar da duwatsu a jere, ba sai an haƙa ba, sai suka yi hamdala. Ya ce kaburbura sun gane su, ba su taɓa ba, amma sauran ba wanda ya ce musu gari ne. Ka san bakina. Na wanke shi tas, na ce ko makaho ya san dutse ba ya jera kansa. Bawan Allah ya sunkuyar da kai har na gama, sannan ya ce in yi haƙuri, gonar nan da ko ciyawa ba ta fitarwa, yau ita ke cika masa rumbu. Sai kunya ta kama ni. Ban samu wanda zan ɗora wa laifi ba, kuma wallahi wannan ya fi ciwo.

Baba ne ya ce a kai shi gonar. Muka gangara, ga duwatsun nan an jera su layi layi cikin karan hatsi, na masallaci kusa da na murhu, na ɗakin wane bisa na ɗakin wane, ba mai iya rabewa. Ya bi layin a duƙe yana shafa su da hannu, rana tana dukansa, ya ƙi a riƙe shi. Har na ce wa Nafi'u mu lallashe shi mu koma, sai na ga ya tsaya. Wani dutsen niƙa ne, mai rami da zurfi, gefensa a karye, laka ta bushe a ciki. Ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya sa hannu cikin ramin, sai ga muryarsa ta da ta dawo, irin wadda nake jiyowa daga gindin aduwa.

Ya ce wannan dutsen Tanna ne, kakar kakarsa, wadda kufan ya ci sunanta. A shekarar babbar yunwa, da rijiya ta fara ja da baya, mutane suka shiga shawarar tashi, amma ba mai son ya zama na farko. Tanna kullum da sassafe sai ta durƙusa ta yi niƙa. Da hatsi ya ƙare ta koma niƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa a ci da yunwa. Da anza ta ƙare ta ci gaba da gurza dutse a kan dutse, ba komai a ciki. Duk wanda ya ɗaure kayansa, in ya ji ƙarar sai ya kwance, ya ce garin da ake niƙa bai mutu ba. Haka ta riƙe su har ruwa ya sauko, shi ya sa ramin ya yi wannan zurfi. Sai bayan rasuwarta garin ya watse. Ya faɗi wannan tiryan tiryan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Dodo da ke tsaye ya ce a bari ya ciro dutsen ya sa mana a mota. Baba ya ce a'a, a bar ta, ai aikinta take yi, tana riƙe wa mutane gari.

Wannan kaɗai muka samo. Ya ƙara shafa wasu, ba abin da ya zo. A hanyar dawowa na kasa haƙuri, na ce Baba, sauran fa? Liman, da waɗanda suka haƙa rijiya, da inda aka fito kafin a zo nan? Sai ya dafa hannuna, ya kira ni da sunana daidai, Kadidiya, ya ce in kwantar da hankalina, ba abin da ya ɓace. Ya ce duka ya ba Attahir, shekara da shekaru, dutse bayan dutse, suna nan a kan ɗansa. Ya faɗa yana murmushi, ya jingina ya yi barcinsa. Tun daga ranar duk wanda ya zo gaishe shi sai ya gaya masa an kwashe kufai, amma ba komai, yana da ɗa a Abijan da ya haddace. Ni kuwa bakina ya kasa gaya masa cewa kai ne ka aiko a tambayo.

Ba zarginka nake ba, Yaya, yaro ne kai a lokacin, kuma wa ya san dutse ma yana tashi? Da na sani ƙeya ce. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: abin da ya rage na garin nan yana tsakanin kanka da nawa, kuma nawa bai cika tafin hannu ba. Don Allah ka samu wuri ka zauna, ka rufe shago ko na yini ɗaya ne, ka tono abin da za ka iya, ko rabin suna ne, ko wane dutse ke bin wane. Kuma ka zo. In an yi babban hutu ka ɗauko Ramla ku zo, kada ka ce sai kasuwa ta gyaru, shekara nawa tana gyaruwa. Wataƙila in ya ji hannunka cikin nasa, kai ka fara, shi ya ƙarasa. Zan tura maka abin da na ɗauka. Farkonsa ba magana, iska ce kawai da ƙarar sanda a ƙasa. Kada ka goge, ka bar ta ta ji wannan ma, shi ma tarihinta ne.

Ka gaishe mani da matarka Salamatu ƙwarai, ka ce na ga atamfar, Allah Ya saka da alheri. Ka gai da Hasan da ƙaramar Shamsiya, ka shafa mani kan Ramla, ka ce gwaggonta ta yi iya ƙoƙarinta. Nafi'u yana gaishe ka, Gwaggo Ladi ma ta ce a gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar Tawa ne. Yanzun nan Baba ya leƙo ya tambaye ni wa nake rubuta wa. Na ce kai ne. Fuskarsa ta washe, ya ce in sa maka albarka, kuma in faɗa maka ka koya wa Ramla duka yadda ya koya maka, kada ka tsallake dutse ko ɗaya. Na rubuta kamar yadda ya faɗa.

Allah Ya sada mu da alheri tun yana gane mu. Wassalam.

Ƙanwarka,
Kadidiya Ciɗo