Taku Goma Sha Bakwai a Filin Ƙwallo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara.

Kin san darasin da nake yi duk shekara, wanda kike cewa awon gonar da ba ta gado ba. Nakan fita da ɗalibai filin ƙwallo, in ajiye jan bokiti in ce shi ne rana. Taku ɗaya shi ne nisanmu da rana, kilomita miliyan ɗari da hamsin, mudun da masana ke auna sararin samaniya da shi. Daga bokitin, duniyar Mushtari taku biyar, ta Zuhal kusan goma, ta Naftun talatin.

Ran Talata ina takawa, yara na ƙirga mini, sai na tsaya cak a goma sha bakwai. Yaya, ban san abin da ya kawo ni tsakiyar fili ba. Na waiwaya na ga yara arba'in da bokiti, ban gane ko ɗaya ba. Suka yi ta dariya, sun ɗauka wasa nake. Shekara ashirin da biyu ina wannan darasi.

Haka Baba ya fara, ranar da ya tsaya a ƙofar gida da makulli a hannu yana tambayar gidan waye. Tsoro nake ji ƙwarai. Don Allah kada matata ta ji.

Ƙaninki.

Autan Inna,

Na ga saƙonka, muna lafiya. Kai da tun kana yaro ake aikenka gishiri ka dawo da ashana, yau ne mantuwa za ta firgita ka? Wataƙila gajiya ce da zafin rana.

Na rubuta wannan ne don ka yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce. Ni na yi jinyar Baba, na san abin da na gani. Ka je asibiti cikin makon nan. Kuma ka gaya wa matarka, ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Allah ya ba ka lafiya.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa da girmamawa. Matar ƙaninki ce. Na tsinci wasiƙarki a cikin firij, kusa da madara.

Na sani tun bara. Ni nake raka shi makaranta kullum, ina ce masa hanyata ce. Ya zaci yana ɓoye mini, na bar shi a haka.

Jiya ya ɗauki hotonki ya daɗe yana kallo kafin ya ce Yaya ce. Ki zo tun yana gane ki.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki.