Yatsa a Kan Leɓe

Litinin, 3 ga Maris

Yau Kumatu ya cika shekara biyu da wata biyar. Kalma nawa? Ko ɗaya. Ko "Mama" babu. In yana son ruwa sai ya ja zanena har gaban firij ya nuna. 'Yar maƙwabciyarmu, wadda ya girma da wata huɗu, jiya ta ce min, "Anti, takalminki ya yi datti." Na yi dariya, na shigo na rufe ƙofa, na zauna a ƙasa.

Laraba, 5 ga Maris

Kira saba'in da ɗaya yau. Aikin ke nan: na'ura a kunne, tebur a lungun falo, jama'a suna sauke min fushinsu don intanet ya ɗauke. "Yi haƙuri yallaɓai, bari in duba." Har bakina ya bushe. Kowane kira ana naɗarsa, oga tana saurara, in ta ji hayaniya a bayan muryata ta rage maki. Kumatu kuwa yana ƙarƙashin tebur da motocinsa, ko tari babu. Da har fariya nake yi da shi a wajen abokan aiki.

Asabar, 8 ga Maris

Surukata ta zo. "Namiji ne, nauyin baki gare su. Ubansa ma sai da ya shekara uku." Uban ya ce, "Kin ji ko? Ga shi yanzu roƙona kike in yi shiru." Suka yi ta dariya. Oho dai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Talata, 11 ga Maris

An gwada kunnensa, lafiya lau. Allah ya yafe min, sai da na so a ce an sami wani abu mai suna, mai magani.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun je wajen mai koyar da yara magana. Ɗaki ne ƙarami, da darduma da kwandon kayan wasa. Ta zauna a ƙasa, ta ɗauko saniyar roba ta ce "muuu". Idonsa ya yi haske. Wallahi na ga bakinsa ya buɗe, na ga iska ta cika masa ƙirji. Sai ya juyo ya kalle ni. Ya rufe bakin, ya ɗora yatsa a kan leɓe. Sannan ya miƙo min tafin hannu.

Ta ce, "Me yake jira?"

Na ce, "Biskit."

Ban san na sani ba sai da na ji ya fito daga bakina. Yana wata tara gwalantu yake yi kamar rediyo, ba-ba-ba tun safe. Oga ta yi min kashedi sau biyu. Daga nan in kira ya shigo sai in ɗora yatsa a leɓe, in ya yi shiru in ba shi biskit. Kullum, sau nawa a rana? Ni da nake wuni ina magana da baƙi.

Matar ta ce dalilan jinkirin magana suna da yawa, kada in rataya wa wuyana duka. Ta ce mu riƙa yi masa hira, in ya nuna abu mu faɗi sunansa mu ɗan jira. Na ji ta, amma bai shige ni ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Ni na ɗinke masa baki. Ni.

Lahadi, 16 ga Maris

Na gaya wa babansa, ina jiran faɗa. Ya ce, "Ni ma fa ina yi masa, in na shigo kina kan kira." Ya tashi ya ɗauke gwangwanin biskit daga tebur ya kai saman kabad.

Laraba, 19 ga Maris

Ya nuna kofi, na ce "ruwa", na jira. Ya sake nunawa. Na jira. Sai ya fara kuka, amma kuka marar sauti, baki a buɗe, hawaye na zuba, ƙirji na rawa. Innalillahi. Har kukan ma ya koyi yi min a hankali. Na ba shi ruwan, na shiga banɗaki na yi nawa.

Na roƙi oga ta rage min awoyin rana. "Za mu duba." Na san wannan amsar, ni ma ita nake ba mutane.

Alhamis, 27 ga Maris

Da hantsi ina kan layi da wani dattijo sai na ji abu a ƙarƙashin tebur. Kumatu ne, ya kara takalmin babansa a kunne kamar waya, yana kwaikwayon "Alo" ɗina. "Awo. Awo."

Yatsana ya tashi da kansa, har ya kai haɓa. Ya gani, ya tsaya cak yana kallona. Na sauke hannun, na zauna a kansa. Na gyaɗa masa kai.

"AWO!"

Dattijon ya ce, "'Yata, wa nake ji haka?" Na ce, "Ɗana ne, Baba." Ya ce Allah ya raya. Da ƙyar na ce amin.

Oga ta rage min maki biyar. Sai ta yi ta ragewa.

Ba na cewa kalma ce, kada in sa rai. Amma na hana babansa ɗaukar takalmin. Gobe ya sa wani.