Sunan da Na Rubuta a Gidan Reno

Ainu Shams, Alƙahira

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa. Ya ƙafar Baba? Ya su Yaya Muslim? Mu lafiya lau, kada labarin korona da kike ji a rediyo ya tayar miki da hankali.

Kin san rufe filin jirgi ya tsare maigidana Malam a Kano. Jarrabawarmu ta makaranta ta zo, ba mai riƙe min yarinyar nan, sai na kai ta gidan renon yara. Shugabar wurin ta miƙo min takarda, wai idan yaro ya kamu da cutar a hannunsu, ko ya mutu, babu ruwansu. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, kowa sai ya sa hannu. Rubuta sunan 'yarki a nan."

Inna, 'yar fari ce. Shekara biyu ban taɓa kama sunanta ba, kamar yadda ba kya kama na Yaya Muslim. Na roƙi wata ta rubuta min, shugabar ta ce sai dai uwa. Haka na rubuta shi, dab da inda aka ambaci mutuwa.

Jiya ta dawo da ɗan tari. Jikin ba zafi sosai, wataƙila fanka ce. Amma na kasa daina taɓa goshinta.

Don Allah a yi sadakar ƙosai ranar Juma'a. Allah Ya ƙara miki lafiya.

Ki yafe min rashin kunya, Inna. Ba na so a ce a takardar can kaɗai na taɓa ambatar ta. Ki yi wa Rumasa'una addu'a.

'Yarki,
Sabuwa