Jijiyar Baba Ba Tukunya Ba Ce

Ƙanena,

“Yaya, ko gobara ake yi, Baba ba zai tsallake ƙwayar maganinsa ba.” Haka ka ce ranar da ka raka ni filin jirgi.

Ina gaisuwa. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya lau, ƙafafu ne kawai ke kumbura saboda tsayuwa a ɗakin gwajin jini.

Matarka ta ce ka zubar da maganin rage kitsen jini, kana ɗura wa tsoho ruwan zafi wai kitsen ya narke. Kai jaki ne? Ruwan a ciki yake tsayawa ya huce. Kitse ba ya haɗuwa da ruwa, shi ya sa jini ke ɗaukar sa a naɗe cikin furotin. In kitsen ya yi yawa sai ya taru a bangon jijiya, wata rana ya fashe, gudan jini ya toshe wa zuciya hanya. Na sha gwada jinin wanda bai kai ga jin sakamakonsa ba.

Allah ya ba Baba lafiya, ya raba shi da wautarka.

Juma'a zan kira ta bidiyo. In bai haɗiye ƙwayarsa a gabana ba, zan ajiye aikin nan in taho in ɗauke shi. Kai kuma, wallahi, sai maƙwabta sun ɓamɓare hannuna daga maƙogwaronka.

Yayarka