Tauraron Teku a Kamiyon Kawu Jibo

Talaje, Yamai
Talata, 8 ga Maris 2022, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, bayan tashi daga lakkol

Zuwa ga Kawu Jibo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na rubuto a takarda ne saboda ka ce saƙon waya ɓace maka yake yi. Ka ajiye ta cikin kamiyo, babbar motarka.

Wata biyar ke nan ina koyar da ilimin halittu a kan kwantiragi. Ranar Alhamis 24 ga wata, ƙarfe tara na safe, anspekter zai zauna a ajina. Abin da ya rubuta shi zai sa a bar ni a aiki ko a sallame ni. Darasin ranar kuwa a kan tauraron teku ne.

Dabba ce mai hannu biyar. A ƙarƙashin kowane hannu akwai wani kwari, cike da ƙananan ƙafafu masu kamar bututu. Ba ƙashi ke motsa su ba, ruwa ne. Kowace ƙafa tana da ƴar jaka a cikin jiki. In jakar ta matse, ruwa ya shiga ƙafar, sai ta miƙe. Haka na faɗa a aji jiya. Wata ɗaliba, Zeinabou, ta ce, “Madam, kin taɓa gani?” Na ce a'a. Ta ce, “To wa ya gani?” Mutum sittin da bakwai suka yi dariya.

Kawu, gobe za ka tafi Kwatano. Don Allah ka je wurin masunta na bakin teku ka samo mini mai rai. Ka saka shi a bokiti, ka zuba yashi kaɗan, ka cika da ruwan teku. Kada rana ta taɓa shi. Kada ka ba shi abinci.

Allah ya kiyaye hanya.
Ƴarka, Hafsat

*

Gaya, Laraba

Malama Hafsatu, ƴar ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, sai duwan, ƴan kwastan, da suka tare mu. Ga bokitinki nan na ba direban motar fasinja, zai riga ni isowa.

Kin ja mini abin dariya. Shekara ashirin da biyu ina ɗauko shinkafa da ƙarfe daga Kwatano, ban taɓa neman ƙwaro ba. Masuntan suka ce wannan ai shara ce, daga raga suke zubar da shi. Wata mata mai ƙyafa kifi ta tambaye ni ko maganin maza nake haɗawa da furfurata. Na ce na ilimi ne. Ta ce duk haka kuke cewa. Biyu suka ba ni.

Amma fa na ga ikon Allah. Na ɗora ɗaya a tafin hannuna cikin ruwa, sai na ji kamar tururuwa masu sanyi suna tafiya. Na sake shi, ya bi kan yashi sumul, kamar ana jan tabarma, sannan ya nutse ya bar mini zanensa kawai. Na kifar da shi don in ga ƙafafun. Ya lanƙwasa hannu, ya juya da kansa kafin shayina ya huce.

Rana ba ta gan su ba. Kusa da ni suka zauna, na rufe da jiƙaƙƙen buhu. Da muka iso Malanbil na ga ruwan ya yi ɗumi, ya fara ƙarni. Kin san ni ɗan bakin gulbi ne, tarwaɗa nake kaiwa Dogonduci da ranta, kuma sirrin shi ne sauya ruwa. Na gangara gindin gada na zubar da wancan mai gishirin, na ɗebo musu sabo daga gulbi, mai sanyi. Yanzu har sun ɗan yi ƙiba, sun kwanta suna hutawa.

Ki gaida innarki.
Kawunki, Jibo

*

Talaje, Alhamis, 17 ga Maris, ƙarfe ɗaya da rabi

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya ƙwarai. Na karɓi bokitin a tasha ƙarfe goma sha ɗaya da kwata. Duka biyun sun mutu.

Ba ƙiba suka yi ba, kumbura ce. Ruwan da ke cikin jikinsu gishirinsa ɗaya da na teku. In aka sa su a ruwan gulbi, ruwan yana ta shiga jikinsu, ba su da hanyar fitar da shi. Shi ya sa babu danginsu ko ɗaya a gulbi ko tafki. Na san wannan, har na ci shi a jarrabawa, amma ban rubuta maka ba. Laifina ne, kada ka ɗora wa kanka.

Na yi kuka kaɗan, sannan na ɗauko ma'auni. Babban santimita goma sha ɗaya ne daga bakin hannu zuwa bakin hannu. Na saka su a kwalba cikin alkol na farmasi, don kada su ruɓe. Da gilashin ƙara girma na ƙirga ƙafafu a hannu ɗaya, na samu sittin da huɗu, a layi biyu. Kuma ga abin da ya tsaya mini: littafinmu ya zana ƙafa mai faifai a baki, su kuwa waɗannan bakinsu tsini ne. Na duba sau uku. Na karanta cewa masu zama cikin yashi haka suke, don haƙa.

Saura kwana bakwai, ba za ka iya komawa ka dawo ba. Na haɗa sirinji da yatsan safar likita. In na danna, yatsan ya cika da ruwa ya miƙe. Wannan zai nuna yadda abin yake aiki. Amma ba zai amsa tambayar Zeinabou ba. A duk waɗanda na sani, kai kaɗai ka gani. Kawu, ka zo ajin ranar Alhamis ka faɗi abin da ka rubuto mini.

Ƴarka, Hafsat

*

Katako, Lahadi

Hafsatu,

Na iso Yamai, ana sauke kaya. Innalillahi, ashe da hannuna na kashe su, ina cewa gata nake musu. Na kasa cin tuwo da na karanta.

Amma zancen zuwa aji, ki rufa mini asiri. Rabona da lakkol tun aji huɗu, ta taga na fita, mushe, malaminmu, yana bina da bulala. Farasancina na duwan ne da na jandarma. Ni zan tsaya gaban anspekter? In ya ga kin kawo direba ya yi miki darasi, kuma kin ce littafinsu ya yi kuskure, ai ke ce za ki bi ta taga.

Sai dai abu ɗaya. Wannan yatsan safar naki, in guda ɗaya za ki nuna, yara za su zaci ƙafafun tare suke tashi kamar sojoji. Ba haka ba ne. Kowace da nata lokacin, wannan ta sauka, waccan ta ɗaga, kamar mutane a kasuwar Katako ranar Juma'a, amma duk gefe guda suka nufa. In ba ki faɗi wannan ba, kin rage gaskiya.

Ƙarfe nawa kika ce? Babbar riga zan sa ko kaftani ya isa?

Jibo

*

Talaje, Alhamis, 24 ga Maris, ƙarfe sha biyu da minti biyar

Kawu,

Sannu da ƙoƙari. Ka fita da sauri don lodi, ban samu na yi maka godiya ba.

Na ba ka minti biyar, ka yi goma sha tara. Bayan tafiyarka anspekter ya riƙe kwalbar a taga, ya daɗe yana duba tsinin ƙafafun, ya buɗe littafi, ya rufe. Ya tambayi cikakken sunanka ya rubuta. Bai ce da kyau ba, bai ce babu kyau ba.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ɗaya, abin da ya rubuta a kaina. Sai bayan mako uku.

Biyu, sunan irin wannan tauraron na ainihi. Ina da zato, ba ni da tabbas.

Uku, ko da ruwan teku ne, ko za su jure zafin hanya har Yamai.

Huɗu, yadda ɗaruruwan ƙafafu suke yarda da gefe guda alhali dabbar ba ta da ƙwaƙwalwa. Zeinabou ce ta tambaya. Na ce ban sani ba, a gaban anspekter.

Biyar, ko bido, wato jarka, nawa na ruwan teku za su shiga bayan kujerarka. Ko sun bar ni a aiki ko sun sallame ni, sai na ga ƙafar nan tana tafiya da idona.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.
Ƴarka, Hafsat