Jarkokin Surukina

Gwaggo Salmatu, don Allah ki cece ni, kunya na neman kashe mini sana'a.

Kunun aya da zoɓo nake sayarwa a bakin iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke layi kafin su tsallaka Maraɗi. Surukina ya shekara ashirin yana harkar fetur. Da ya ajiye sana'ar bara, sai ya ɗauro jarkokinsa shida a babur har ƙofar ɗakina, wai kyauta ce, in riƙa ɗebo ruwa. Kowacce ya san tarihinta, har akwai wadda yake kira Hajiya saboda yawan ƙetare iyaka. Na durƙusa na yi godiya, me zan ce?

Na wanke da omo, na wanke da toka, na zuba yashi na girgiza har kafaɗata ta ƙage. Warin fetur na nan, ga shi da ruwan cikinsu nake haɗa kunu, shi kuma muke sha a gida. Wani direban Maraɗi ya kurɓi kununa ya ce in ƙaro kofi biyu ya zuba wa motarsa. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma tun ranar bai dawo ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne 'yata Fati, sati biyu ke nan tana fama da ciwon ciki da tashin zuciya. Maigidana ya ce ba zai iya duban idon Baba ya ce kyautarsa na wari ba. Tsohon kuma duk Juma'a sai ya leƙo ya ga ko jarkokin na aiki. Ni da ko sunansa ba na kamawa, ta yaya zan mayar masa da kyauta?

Taki,
Mai Kunun Bakin Iyaka

'Yata Mai Kunu,

Na yi dariyar direban nan, amma da na zo kan Fati sai dariyar ta tsaya. Ki kai ta asibiti yau, ki faɗa musu a cikin me ake zuba ruwan da take sha. Roba na tsotse fetur, ko shekara za ki yi kina wanki ba ki da tabbas ya fita. Ki sayi sababbi, kuma ruwan wankin tsofaffin kada ki zubar kusa da rijiya. In duba-gari suka kama kununki ba su zalunce ki ba, don ba cikinki kaɗai yake shiga ba.

Shi kuwa Baba ba mugunta ya yi ba. Abin da ya fi ƙauna ya ba ki, kuma hancin da ya shekara ashirin cikin fetur ya daina jin warinsa. So yake kawai ya ga jarkokinsa ba su yi ritaya tare da shi ba. To, ki cika su da yashi, ki toshe, ki ɗora katako a kai nesa da wuta, masu shan kunu sun sami benci. Maigidanki kuma ya daure ya gaya masa halin da Fati ke ciki. Babu kakan da zai fifita roba a kan jikarsa.

Ranar Juma'a ki zaunar da shi a kan Hajiya, ki miƙa masa kunun ruwa mai tsabta. Allah Ya ba Fati lafiya, Ya dawo miki da masu ciniki, har da mai motar.

Gwaggonki Salmatu